Ajiyar Tsufan Kalilu Tela

Akwai wani tela a Sabon Birni da ake kira Kalilu. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kusa da masu sayar da igiya. Mutum ne mai tsanaki ƙwarai. Ba ya sa almakashi a yadi sai ya sake aunawa, ba ya karɓar canji sai ya juya shi gaba da baya.

Tela ba shi da fansho, kuma Kalilu ya san abin da ke korar mutum daga ɗinki: ido. Ya ga maigidan da ya koya masa aiki ya tsufa yana lalube, yana jiran abin da za a miƙo masa ranar kasuwa. Tun lokacin ya ƙudura a ransa ba zai ƙare haka ba. 'Ya'yansa mata ne, suna gidajen manoma masu ƙaramin ƙarfi. Daga shi sai matarsa Rahmatu.

Saboda haka duk Sallar da ɗinki ya yi albarka, sai ya sayi maraƙi ko karsana ya kai wa Labbo, wani Bafillace mai ruga a gefen Tozai. Kalilu bai yarda da ajiyar kuɗi ba. Yakan ce takarda gwamnati ke canza ta ranar da ta ga dama, saniya kuwa haihuwa take yi.

Ba rubutu tsakaninsu. Yadda ake yi shi ne, Labbo ya yi kiwo ya sha nono. In an haihu ya zo ya faɗa. In wata ta mutu ya kawo fatarta da kunnen da ke ɗauke da shaidar mai ita. Shaidar Kalilu tsaga ce a kunnen dama. Sun fi shekara ashirin a haka, har shanun suka zama ɗan garke. Idanun Kalilu sun fara hazo, amma hankalinsa kwance yake. Ya yanke cewa bayan Sallah mai zuwa zai rufe keken ɗinki, ya riƙa sayar da sa ɗaya a shekara, shi da Rahmatu su ci su huta.

Sai fari ya zo, a shekarar da aka mai da fam naira. Ruwa ya sauka kaɗan ya ɗauke. Gero ya bushe a tsaye, dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙi fitar da kai.

Wata ranar kasuwa Labbo ya iso rumfar da fata naɗe a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ajiye ta.

"Tela, jar saniyarka ta riga mu. Sai haƙuri."

Kalilu ya shimfiɗa fatar a kan teburin yanka, ya bi ta da tafin hannu kamar yadda yake bin shadda. Ya kai wurin kai, ya tsaya.

"Ina kunnuwan?"

"Kuraye sunka riga ni. Cikin daji ta faɗi, ban gan ta ba sai da hantsi."

"Kuraye," in ji Kalilu. "To."

Labbo ya tsuguna, ya jingina sandarsa. "Akwai wata magana. Daji ya ƙare, Tela. Za ni kudu da shanu, bayan Gusau, inda anka ce da sauran ciyawa. Kuma in ka ji tawa, ka saida bajimi biyu yanzu da sauran nama jikinsu, ka sai hatsi ka aje."

"Yaushe za ka komo?"

"Sai ruwa ya komo."

Kalilu ya ce zai yi shawara. Bai aika gida a kawo wa Labbo fura ba, abin da bai taɓa fashi ba.

Duk wannan a kunnen Sodangi aka yi, wani dillalin fatu da ke yawan zama a rumfar don inuwa. Labbo na juya baya ya matso, ya ɗaga fatar da yatsa biyu, ya shinshina.

"Malam Kalilu, ni dai ba ruwana. Amma shekarar ga kuraye sun iya zaɓe. Kunne kaɗai suka ci."

"Mi kake nufi?"

"Ban nufi komai ba. Na dai san makon jiya wani Bahillace ya sai jar fata hannuna. Mai shanu shina sayen fata! Ban tambaye shi ba, ciniki nike."

"Labbo na?"

"Ni duk kama suka yi mani in sun naɗa rawani."

Sodangi bai ƙara ba, kuma bai buƙaci ƙarawa ba. Kalilu ya yini yana ɗinki yana ɓata layi. Ya fara tuno abubuwa. Shekarar da Labbo ya ce saniya biyu sun yi ɓari. Sabon bargon da ya gani a kafaɗarsa bara. Auren da ya yi wa ɗansa. Kowanne a lokacinsa bai dame shi ba. Yanzu duk suka jeru suna kallonsa. Mutum ya kawo fata ba kunne, a rana guda kuma ya ce zai tafi da shanunka inda ba ka taɓa zuwa ba, bai san ranar dawowa ba!

Da yamma ya gaya wa Rahmatu. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, shekara nawa mutumen ga shina riƙe da shanunka?"

"Da yawa."

"Ya taɓa cin ka?"

"Ban taɓa kama shi ba dai."

"Shi kuwa Sodangi, mi ya taɓa riƙe maka?"

"Ke ba ki san duniya ba. Yunwa in ta zo, mutum ba shi sanin kansa."

"Haka na," ta ce. "Kai ma mutum na."

Washegari ya hau jaki, ya ɗauki Sodangi da igiyoyi, suka nufi Tozai.

Sun tarar da ruga ana ɗaure kaya. Kalilu bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya shiga cikin shanu, yana kama kunnen kowace yana kai shi kusa da idonsa, yana nunawa da yatsa yana ƙirgawa da ƙarfi, a gaban matan Labbo da 'ya'yansa. Wanda ya san Fulani ya san ba a yi musu haka. Matan suka shige bukka.

Lissafi ya cika daidai, ban da jar saniya. Wannan bai sanyaya ransa ba. Ya ce a ransa, ashe na zo da wuri.

"Ka ware mani nawa," ya ce. "Za ni riƙe abina inda idona ka ganin su."

Labbo ya yi kira, shanun suka fito ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura musu igiya da hannunsa.

"Ga su, Malam Kalilu." Bai taɓa kiransa haka ba. "Magana guda za ni yi, don su, ba don kai ba. Kada ka sake su cikin dawar da fari ya tsayar. Ko ta yi kore. Balle ma in ta yi kore. Guba ta."

A hanya Sodangi ya yi dariya. "Ka ji wayo! Ka bar karan gonarka tsaye, danginshi da ba su tahi ba su zo su cinye."

Kalilu ya kaɗa kai. Shi ma abin da ya zo masa ke nan.

Ya kafa turaku a bayan gida. Nan ya gane cewa saniya ba yadi ba ce da za ka ninke ka ajiye. Harawa ta yi tsada kamar hatsi. Dusa mutane ke ci. Rijiya sai an yi layi. Ya daina zuwa rumfa don jan ruwa, aiki ya koma hannun wasu teloli. Shanun suka rame, haƙarƙari ya fito, suna kuka suna fuskantar wajen Tozai. Duk wanda ya leƙo ya ba shi shawara, sai Kalilu ya tambayi kansa me mutumin yake so. Mahauci ya ce ya sayar, Kalilu ya ce araha yake nema. Maƙwabci ya ce ya aika a bi Labbo da su, Kalilu ya ce an haɗa baki.

Ana haka sai aka yi wani ɗan yayyafi na ƙarshen damina. Bai isa ya ceci kowa ba, amma dawar gonar Kalilu da ta kwanta ta sake tofo, kore shar, a tsakiyar ƙasa mai launin toka. Ya je ya gani, zuciyarsa ta yi fari. Ga abinci kyauta a gonarsa, wani ya ce kada ya taɓa!

Rahmatu ta tare shi a ƙofa yana kwance igiya.

"Ba wagga ce Labbo ya hana ba?"

"Ita ce. Shi ya sa za ni kai su."

Da hantsi ya sake su. Shanun da suka yi makonni ba su ga kore ba suka faɗa mata. Kalilu ya zauna a gindin wata aduwa yana kallo, yana jin ya yi nasara a kan kowa.

Bai daɗe da zama ba ya ga babban bajimin yana tangaɗi. Numfashi ya yi masa wuya, kumfa na zuba daga baki. Ya durƙusa, ya faɗi. Kafin Kalilu ya isa gare shi wata karsana ta faɗi a can gefe. Ya yi ta ihu yana kora su da hula, ba ya gani sosai, yana tuntuɓe da kunyoyin gona. Manoman kusa suka zo da wuƙaƙe. An samu an yanka kaɗan. Sauran sun riga wuƙa, suka tafi mushe.

Naman da aka yanka ma ba wanda ya so saye, don an ji abin da ya kashe su. Biyu da suka tsira ba su kai tsakiyar rani ba.

Sodangi ne ya sayi fatun. Ya juya su, ya taɓe baki.

"Kasuwa ta cika da fata bana, Malam Kalilu. Don kai na, da ban ɗauka ba."

Kalilu ya dube shi, ya so ya tambaye shi zancen Bafillacen da ya sayi jar fata. Ya fasa. Ko an yi, ko ba a yi ba, amsar ba za ta tashi saniya ko ɗaya ba. Har ya mutu bai san gaskiyar wannan magana ba.

Sallar da ya shirya rufe keke ta zo ta wuce. Ya ɗauke keken daga kasuwa ya kawo zaure, don Rahmatu ta riƙa leƙowa tana zura masa zare a allura. Manyan riguna suka daina zuwa. Sai faci, sai wandon yara.

Labbo bai dawo ba sai da ruwa ya dawo, ƙasa ta yi ciyawa. Shi ma ya bar shanu da yawa a hanya, amma ya dawo da garke. Wata safiya Kalilu ya ji sallama, ya gane muryar kafin ya gane mai ita. Abin da ya fara zo masa shi ne, ya zo ya ga yadda na ƙare. Sai ya kama kansa, ya ji kunya.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Kalilu ya fara neman gafara. Labbo ya ɗaga hannu.

"Na ji komai tun daga garin Isa. Mutuncin da kac ci mani gaban iyalina, ban ce na manta ba. Amma ba shi ya kawo ni ba. Mu Hillani, in shanun mutum sunka ƙare, ba mu barin shi hakanan. Mukan ɗaure mai karsana. Ta haihu uku, ɗiyan nashi na, uwar ta koma ga mai ita. Na ɗaure maka guda. Garkena za ta zauna, don na ga irin kiwonka."

Halin shekaru ba ya fita rana guda. Bakin Kalilu ya riga shi.

"Wa za mu kira shaida?"

"Kira Sodangi."

Daga bayan ƙofa aka ji Rahmatu ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da jan hanci. Kalilu ya sunkuyar da kai.

"A bar shaida," ya ce. Can ya ƙara, a hankali: "Haihuwa uku shekaru na, Labbo. Ba ni jin za ni kai."

Labbo ya ɗauki sandarsa ya miƙe.

"In ba ka kai ba, Rahmatu ta kai."

Haka kuwa aka yi. Kalilu ya riski maraƙin farko, amma da hannu ya gan shi, don ido ya riga ya tafi. Bai kai na biyu ba. Hutun da ya yi wa tanadi rabin rayuwarsa bai same shi ba. Rahmatu ce ta tsufa a kan 'ya'yan karsanar nan, ba ta roƙi kowa ba har Allah ya karɓi ranta.

Darasi: Ka yi tanadin tsufa tun kana da ƙarfi, amma ka sani tara dukiya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin wanda za ka yarda da shi. Bincike ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka rushe amanar shekaru a kan raɗar wanda bai taɓa riƙe maka komai ba, har gaskiya ma in ta fito daga bakin wanda kake zargi ka ƙi ta. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman masu tanadi don gobensu. Allah ya ba mu tsufa mai sutura.