Ranar da Giwa Ta Je Gaida Tururuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mun kasa kunne.

Wata shekara namun dawa suka ce da ƙuri'a za su zaɓi shugaba. Giwa ta fito takara, Barewa ma ta fito. Tsohuwar Bushiya, wadda ta ja ragamar yaƙin neman zaɓe sau bakwai, ta je wajen Giwa neman aiki.

Giwa ta ce, "Iya, koma ki huta. Ina da Biri, bakinsa ya fi ganga amo."

Bushiya ta wuce wajen Barewa.

Biri ya ce wa Giwa, "Ranki ya daɗe, tururuwa sun fi kowa ƙuri'a. Mu je musu da gayya."

Suka ɗunguma da makaɗa, Giwa tana taka rawa. Kafin a gama kirari, gidajen tururuwa sun rushe, rumbunansu sun baje. Ita kuwa Barewa, Bushiya ta tsayar da ita bayan gari, ta aika da sallama, sai da aka yi mata iso ta shiga a hankali.

Ranar zaɓe Giwa ta sha ƙasa. Ta iske Bushiya ta ce, "Iya, ai har ƙofar gidansu na je."

Bushiya ta ce, "Kin je. Har yau ƙofar suke nema."

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.