Goro Biyu a Faifan Sarki

"Sarkin Zango, me ya kori fatake daga garinmu?"

Waziri ne ya yi tambayar a zauren gidan Sarkin Zango Jatau, Tasalla kuwa, amaryar Jatau, tana bayan zana da ƙwaryar fura, ta ji.

A zamanin da ne, a wani gari da ke tsakiyar hanya. Ayarin goro kan taso daga kurmin kudu, na gishiri ya gangaro daga arewa, nan suke haɗuwa. Sarki ya so karrama baƙinsa, ya sa aka sare fadamar bayan gari ƙarƙaf, aka gina zango mai soraye arba'in. Tun daga shekarar masu goro suka sake hanya, masu gishiri suka bi su. Aka rage kuɗin fito, aka aika wa madugai riguna, shiru.

Waziri ya ce, "Sarki ya ba ka kwana bakwai. Ko amsa, ko rawaninka."

Jatau ya tambayi malamai, suka ce a yi sadaka. Ya tambayi dillalai, suka ce sharrin maƙwabta ne. Ya daina cin tuwo.

Tasalla ta san dalili. Tun tana yarinya takan ga matan ayari a fadamar nan suna kwance huhun goro, su tsince mai tsutsa, su yayyafa ruwa, su sake naɗe shi da ɗanyen ganyen fita, faffaɗan ganyen da ke hana goro bushewa. An sare fadama, ganye ya tafi. Amma ina amarya, ina koya wa maigida aikinsa? Ko ido ba ta iya haɗawa da shi.

Ran nan ta ɗauki goro biyu. Ɗaya ta bar shi tsirara a kan katanga. Ɗaya ta naɗe da ganyen 'yan saiwoyin fita da ta tsinto ranar saran fadama, ta dasa a gindin randa don kawai suna ba ta sha'awa.

Ranar bakwai ta durƙusa, ta miƙa faifai a rufe.

"Maigida, ga na gaisuwar Sarki."

Bai ko duba ba. A fada ya faɗi ya yi gaisuwa, aka buɗe faifai. Fadawa suka ɗauki salati.

"Ƙeƙasasshen goro ga Zaki? Jatau, ka haukace?"

Waziri ya ɗaga hannu. Ya warware ganyen, ya ɓara goron, ya ji ƙas! Ya juya ɗan'uwansa da ya yamutse, ya daɗe yana kallo.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ai amsar ke nan. Mun gina wa fatake ɗaki, mun ƙwace wa goronsu riga."

Sarki ya yi dariya har rawani ya karkace. "Jatau, ashe kai mai azanci ne! Ina sauran ganyen?"

Jatau, gumi na zuba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin... akwai a gidana."

Daga gindin randar nan aka kwashi iri aka mayar fadama. Damina biyu, sai ga ƙararrawar jakuna daga kudu, raƙuma daga arewa, har da waɗansu baƙi masu takarda da turare da ba a taɓa jin harshensu ba.

Jatau ya shigo da sabuwar alkyabba, ya tsaya bakin randa.

"Tasalla, wai da gangan kika yi?"

Ta ji matan ayari suna waƙa can a fadama. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Furarka za ta yi tsami, Maigida."

Ta ƙudura a ranta, sirrin nan daga ita sai randa.