Kaza a Gaban Alƙali Dila

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Zaki ya kafa doka: duk wanda aka ciza ya rama da cizo, babba da yaro. Kaza har da guɗa.

Ran nan Muzuru ya cinye mata ɗan tsako. Ta ruga wurin alƙali Dila.

Dila ya ce, "Baiwar Allah, ke ce da gaskiya. Ga Muzuru nan, cije shi."

Ta ce, "Allah gafarta malam, ai ba ni da haƙori."

Ya ce, "To, doka ba ta rabon haƙora. Shari'a ta ƙare."

Kaza ta kama hanyar gida tana ƙirga sauran 'ya'yanta. Muzuru na biye da ita, shi ma yana ƙirgawa.

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan ku raba.