Makahon Rumbu na Faƙon Cindo

Tun zamanin da dawa ta fi gari yawa, giwa na shan ruwa inda yau ake cin kasuwa, an yi wani maharbi ana ce masa Cindo, domin yatsa shida ne a hannunsa na dama. Wasu sun ce na hagu. Na ji labarinsa a bakin tsofaffi lokacin da ƙafata ke da ƙarfin yawo, abin da ya rage a kaina shi zan faɗa.

Cindo mutumin Rafin Kanya ne, gari mai dausayi, inda ake cewa ko taɓarya ka dasa sai ta yi toho. Amma jama'a ta yi yawa, gonaki suka yi kaɗan. Wata bazara ya bi sawun gwanki har ya ɓulla wani faƙo, jar ƙasa busasshiya, ba inuwa sai ta gawo. Gwankin ya tsaya gindin wani suri, ya kafci ƙasa da kofato, ya dubi maharbi, ya ɓace. Cindo ya dafa surin, ya ji danshi. Ya ce a ransa, gara ba ta ɗebo ruwa daga sama, inda ta samo laka nan ruwa yake. Ya haƙa. Zurfin gaba nawa ya yi, na manta, amma ya tarar da ruwa garai-garai, mai sanyi kamar na randa.

Da ya koma gida ya ce zai tashi, taubashinsa Arzika, wanda ke riƙe da garin, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba taubashi! Ka bar inda kwaɗi ke kuka, ka koma inda ƙadangare ke neman inuwa?"

Cindo ya ce, "Kai dai kula da sauronku, bawana, kada su sure ka, ga ka ba nauyi."

Gidaje kaɗan suka bi shi. Matarsa Gwamma ta zagaya faƙon, ta tsuguna ta daɗe tana kallon tururuwa suna jan 'ya'yan ciyawa zuwa rami. Sannan ta ce, "Ƙasar nan ba ta rowa, amma ba ta alkawari. Mai zama a kanta sai ya yi zaman tururuwa."

Suka shuka gero a ƙarƙashin gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana da taki. Gero ya yi kyau har suka rasa wurin zubawa. A kakar nan Gwamma ta sa kowane gida ya zaɓo zangarniyar da ta fi cika. Aka jera su a rumbu guda, aka barbaɗa toka, aka liƙe da laka ruf, ba baki ba taga. Shi ne makahon rumbu. Kowace kaka ana sabunta shi, maza na cewa aikin banza ne.

Ana nan, wata shekara gero ya fitar da kai, sai gabas ta yi duhu kamar hadari. Ashe fara ce. Kafin rana ta karkata gonaki sun koma kara tsirara. Mata suka ɗora hannu a ka, Gwamma kuwa ta fito da tukwane.

"Ku bar kuka, ku hura wuta. Baƙi sun ci namu ba sallama, mu ma mu ci su!"

Da sassafe, raɓa ta danne wa farar fiffike, aka yi ta kwasa da faifai da ƙwarya, ana dafawa da kanwa, ana shanyawa. Da busasshiyar fara da miyar kuka da ragowar hatsin bara suka ci rani.

Amma bazara ta yi tsawo, rumbunan ci suka ƙare ƙaf. Maza suka ɗauki gatura suka nufi makahon rumbu, Cindo a gaba. Suka tarar da Gwamma ta jingina da shi tana kaɗi.

"Gwamma, kauce. Yara sun rame."

"Na gani, maigida, nawa na ciki. In kun fasa, za mu ƙoshi har sabon wata. Ran da ruwa ya sauka, tsakuwa za ku shuka? Wannan ba tuwo ba ne, gonar baɗi ce."

"To me za mu ci?"

"Ikon Allah! Ni ce maharbin? Ko yatsan na shida na ado ne?"

Maza suka fashe da dariya, gatura suka sauka. Gwamma ta ajiye mazari ta yi masa kirari: "Cindo na Gwamma, gagara dawa! Kibiya ɗaya, nama biyu! Ba ka fasa rumbu, sai dai ka fasa garke!" An ce tsikar jikinsa ta tashi, ya rataya kwari ya shiga dawa. Da abin da bakansa ya kawo aka riƙe rai, ba a rasa ko yaro ɗaya ba.

Ran da aka yi ruwan shuka, Gwamma da kanta ta fasa rumbun, ana guɗa. Geron ya fito kamar jiya aka yanke shi. Suna cikin rabo sai ga Arzika da mutanensa, wuya ya yi tsawo, ƙwarya ba komai. Ashe farar ta bi ta Rafin Kanya ma. Su da ba su taɓa sanin tanadi ba, don rafi bai taɓa hana su ba, sun cinye har irinsu.

Cindo ya rungumi Arzika, ya ce, "Marhabin da sarkin dausayi! Iri kam za ka samu, amma sai ka ɗanɗana abin da ya tsare shi." Aka miƙo masa fara. Arzika ya runtse ido ya tauna, ya ce, "Taubashi, da sauran gishiri?" Aka yi ta shewa. Shekarar nan garuruwan biyu suka shuka gero ɗaya.

Garin yana nan, Faƙon Cindo, rijiyarsa ba ta taɓa ƙafewa ba. Har yau kowace unguwa tana da makahon rumbunta, kuma ba mai fasa shi sai tsohuwar da ta fi kowa shekaru, ran ruwan shuka. A ranar, dattijo ɗaya yakan taso daga Rafin Kanya da ƙwarya, ko da rumbunsa cike yake. Mata su tare shi da tsiya, su ba shi fara ya tauna, sannan su cika masa ƙwaryar har ta zuba.