Kyallu da Dela a Ƙarƙashin Laka

An yi wasu kifayen gaiwa biyu a wani tafki, Kyallu da Dela. Uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su. Kyallu akwai alfahari, Dela kuwa ba ta da burin da ya wuce zama kusa da 'yar'uwarta.

In rani ya zo tafki ya ƙafe, sai su nutse cikin laka su yi barci har damina. Shekara uku a jere Kyallu ce ke fara farkawa.

"Ke dai kin cika nauyin jiki!" in ji Kyallu. "Ni na sha ruwan fari, na ci tsutsar fari. Jinina ba irin naki ba ne."

"Yaya, ba uwarmu ɗaya ba?" in ji Dela. "Ko sau ɗaya ki jira ni mu fito tare."

"In jira ki? Sai na tsufa!"

Dela ta tafi wurin tsohon kunkurun tafkin tana share hawaye. "Baba, me ya lalace a jikina?"

"Ba abin da ya lalace, 'yata. A jikin kowa akwai 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikinsu ake aika saƙo, wannan ya tada wancan, wancan ya tsayar da wani. Amma wurin hayaniya ne kamar kasuwa. Saƙon farkawa ya kan isa da wuri, ya kan makara. Dace ne kawai."

Kyallu na ji ta kwashe da dariya. "Dace? Zancen masu makara ke nan!"

Da shekara ta zagayo, aka yi wani ɗan ruwa tun damina ba ta kankama ba. Kyallu ta farka, ta fito tana juyi.

"Koma ƙasa!" Kunkuru ya daka mata tsawa. "Wannan ruwan ba zai kwana uku ba."

"Jikina bai taɓa yi mini ƙarya ba, tsoho."

Rana ta buɗe. Ruwa ya ja baya, laka ta bushe ta yi tauri. Kyallu ta nemi tonawa ta kasa. Tana cikin mutsu-mutsu zalɓe ya sauko ya sure ta.

Bayan wata guda damina ta sauka sosai. Dela ta farka, ta tarar tafki ya cika fal. Ta shiga ciyayi, ta zaga gindin kowane bado tana kira: "Yaya! Yaya Kyallu!"

Kunkuru ya faɗa mata abin da ya faru. Sai ta ce, "Da ma in ƙara jin ta tana yi mini gori."

Ranar ko tsutsa ɗaya ba ta ci ba.

Darasin wannan labari shi ne, ko 'yan ciki ɗaya ba sa tafiya daidai, domin a can cikin jiki akwai abin da ke faruwa bisa dace. Wanda ya riga kada ya ɗauka ya fi wani, wanda ya makara kuma kada ya raina kansa.