Teburin Honorine

Firmin Lacaussade kafinta ne a unguwarmu ta Saint-Antoine a Paris. Shagonsa na kallon nawa, inda nake ɗinka rigunan kujeru. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Zai yanka katako siriri kamar farce, ya tsoma gefensa cikin yashi mai zafi ya yi duhu, ya jera, sai ga fure a jikin tebur. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya haɗiye raini. Ka kushe aikinsa yau, baɗi war haka yana nan yana tafasa.

Shekara uku ya yi yana haɗa wa matarsa Honorine teburin rubutu da katakon wata tsohuwar kwaba. Furannin da ya jera a kai irin na lambun mahaifiyarta ne a ƙauye, wanda kullum take kewa. Tun kafin ya gama ta share gindin tagar da za a ajiye shi.

Ana cikin haka sai wani masanin tsofaffin kayan tarihi, Brévannes, wanda idan ya ce wane ne ya yi tebur kaza magana ta ƙare, ya faɗa a bainar jama'a cewa kafintocin yanzu shafa gam kawai suka iya. Maganar ta tsaya wa Firmin a wuya. Ya sa aka ƙera masa hatimin ƙarfe da sunan Thévenel, wani gwani da ya rasu shekara ɗari biyu baya, ya buga a ƙarƙashin teburin, inda tsofaffin gwanaye suke buga sunansu.

Honorine ta ce, "Firmin, teburina ne fa."

Ya ce, "Kwana biyu kawai, uwargida. Brévannes na rantsewa na Thévenel ne zan tona, gari ya yi masa dariya."

Ya ba wani dillali teburin ya kai. Brévannes ya duba, ya shinshina aljihunan, ya ce a duk aikin Thévenel bai ga kamar wannan ba. Yabon ya yi wa Firmin daɗi, ya ce bari ya ƙara mako guda. Mako ya zama wata. Kafin ya farga dillalin ya sayar, wanda ya saya kuma ya ba gidan tarihi kyauta. Yanzu buɗe baki sai gidan yari. Tsoro ya kama shi, ya ƙona zanen aikin, ya jefa hatimin a kogin Seine.

Honorine ba ta sake ta da maganar ba. Wasiƙunta a teburin kicin take rubutawa, cikin ɓawon albasa, amma ba ta yarda an ajiye komai a gindin tagar nan ba. Ya ce zai yi mata wani, ta ce ita wancan take so. Haka ta rasu. Wallahi na daɗe ina jin haushinsa, sai da na ga yadda kewa ta cinye shi na sassauto. Kowace Lahadi yana gidan tarihi, tsaye a bayan igiyar da aka kewaye teburin da ita, hula a hannu.

Yana da shekara saba'in da takwas ya ce in raka shi ya faɗi gaskiya, ko ɗaure shi za a yi. Brévannes ya daɗe da mutuwa. Wata ma'aikaciyar gidan tarihin mai kirki ta zaunar da mu, ta saurare shi har ƙarshe, ta tambayi shaida. Ba shi da ko takarda ɗaya. Ta ce littafi uku aka rubuta a kan teburin nan, duk sun tabbatar na Thévenel ne.

Ya ce, "To 'yata, ku bar masa sunan. Ku bar ni in ɗora hannuna a kai sau ɗaya. Na matata ne."

Ta ce, "Ka yi haƙuri Baba, doka ce. Ko ni sai da safar hannu nake taɓa shi."

Da za mu fita ya tsaya a gaban teburin, ya nuna min wani ƙaramin fure a kusurwa, ya ce wannan Honorine ce ta zaɓi launinsa. Mai gadi ya ce ya ja da baya, ya matso igiyar da yawa. Ya ja da baya.

Mai karatu, kada zafin raini ya sa ka yi ƙarya da abin da ka fi ƙauna. Ƙaryar da ka ƙawata don ka kunyata wani tana iya zama daram, har ranar da za ka faɗi gaskiya a rasa mai yarda da kai. Ka sa sunanka a aikinka komai ƙanƙantarsa, kuma abin da ka yi wa naka alkawari ka miƙa masa tun yana raye.