Wuyan Malam Zainu da Izu Ashirin na Mahaifinsa

Akwai wani malami da ya yi zamani a garin Azare, sunansa Zainulabideen, amma kowa Malam Zainu yake ce masa. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar 2006.

Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma gado ya yi. Mahaifinsa, Alaramma Yunis, da ke zaune a garin Katagum, ya rubuta shida a rayuwarsa. Ya kama na bakwai, ya kai izu arba'in, saura ashirin, sai ya ajiye alƙalami. Shekara goma sha biyar ke nan bai sake ɗauka ba. Abin da gida da waje aka sani shi ne ido ne ya gaza.

Da tsufa ya kwantar da Alaramma, sai ya aiko wa ɗansa takardun a cikin gafaka, da saƙo guda: "A ce wa Zainu ya ƙarasa mini. Ina so in riƙe shi cikakke kafin in tafi."

Malam Zainu ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗora takarda a kan gwiwa, ya sunkuya. Daga hantsi sai azahar, daga azahar sai la'asar, kai a ƙasa, ba ya ɗagowa ko da ƙuda ya sauka masa a hanci.

Yana izu na biyar cikin ashirin ɗin wuya ya fara magana. Da fari nauyi ne a ƙeya. Sai ciwon ya gangaro kafaɗar dama. Sai ya zama idan ya tashi da safe wuyan a sandare yake, ga ciwon kai. A masallaci kuwa, wurin sallama, da ƙirji gaba ɗaya yake juyawa, har na kusa da shi su riƙa matsawa.

Wata la'asar maƙwabciyarsu Kezia, 'yar Bogoro da ke aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, ta zo mayar wa matarsa Halimatu da turmi. Ta gan shi yana matsa wuya yana yamutsa fuska, ta rusuna.

"Malam, ina wuni. Wuyan nan ya daɗe haka?"

"Gajiya ce kawai."

"Ka yi haƙuri, Malam, sunkuyon nan ne. Kai nauyi gare shi, idan ya wuni a rataye wuya ne ke shan wahala. Da za a samo maka ɗan teburi mai jingina, takardar ta taso kusa da ido. Ka riƙa tashi kana miƙewa bayan kowane shafi. A gasa da tsumma mai ɗumi safe da yamma, a rage tudun matashi. In ka zo wurinmu likita zai duba, in nuna maka motsin da za ka riƙa yi."

"To, an gode," in ji Malam, bai ko dube ta ba.

Tana fita ya kira Halimatu. "Tun kafin a haifi kakan wanda ya gina asibitin nasu ake rubutu a kan gwiwa. Yanzu ni za a koya wa zaman rubutu? Teburi! Akawun ƙaramar hukuma ne ni? Kuma ai na san su, kana shiga za su ce sai an yanka."

Halimatu ta ce, "Malam, ba ta ce yanka ba."

"Ke ma kin zama likitar?"

Ta ɗauki turminta ta shige.

Jama'a, girman kai idan ya sa rawanin malanta wuyar ganewa gare shi. Shi Malam a ganinsa al'adar iyaye yake karewa.

Maimakon ya sassauta sai ya ƙara ƙaimi, wai ya gama kafin ciwon ya ci ƙarfinsa. Ya sa aka yi masa ƙaho a ƙeya. Ya shafa man zafi har fatar ta saɓule. Ya ƙara matashi na biyu, wai wuyan ya huta. Yatsunsa biyu na dama suka fara yi masa kamar kiyashi na tafiya a ciki, bai gaya wa kowa ba.

Ranar wata kasuwa ya je aski. Mai askin ya ce, "Malam, jijiya ce ta hau kan jijiya. Bari in sauke maka ita." Ya kama kan da hannu biyu ya murɗa, ƙas! Malam ya ji kamar an zuba masa garwashi daga wuya zuwa gwiwar hannu.

Washegari ya tsoma alƙalami a tawada, ya kai kan takarda, alƙalamin ya sulluɓe. Ya ɗauka, ya sake sulluɓewa, ya ɓata shafin da ya kwana biyu yana yi. Ya daɗe yana kallon tabon tawadar.

Wata huɗu cur bai rubuta ko wasali ba. Izu goma na jiransa. Kullum ya zauna a zaure, gafaka a gefe, ya gaji da ciwo, ya gaji da jiƙe-jiƙe, ya gaji da masu tambayar "ya jiki". Idan Kezia ta wuce ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Ya san maganarta ce ke bin sa, amma bakinsa ya yi nauyi.

Duk wanda ya zo daga Katagum da tambaya ɗaya yake zuwa: "Alaramma na cewa an kai ina?" Malam ya ce, "Ana nan ana yi."

Da ƙaryar ta ishe shi, sai ya hau mota ya tafi da kansa. Kowane rami a hanya sai da wuyansa ya ƙirga.

Ya tarar da tsohon a zaune a tabarma, haɓa a ƙirji kamar kullum. Tun yana saurayi haka ya san shi, ya ɗauka tawali'u ne. Suka gaisa. Alaramma ya ce, "Miƙo hannunka." Ya riƙe yatsun, ya ce, "Matse nawa." Malam ya matse, ba ƙarfi.

Tsohon ya ce, "Daga ƙeya ya fara ko?"

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Zainu, idona lafiya lau yake. Har yau ina ganin tururuwa a ƙasa. Wuya ne, daga shi sai hannu. Wani malamin asibiti ya taɓa ce mini in ɗaga takarda, in riƙa hutawa. Na ce masa ya je ya yi wa yara allura. Da alƙalami ya gagare ni, kunya ta sa na ce ido ne. Shekara nawa rabona da ɗaga kai in ga jinjirin wata? Sai dai a gaya mini."

Ya saki hannun. "Na ba ka ka ƙarasa mini littafi, ban ce ka gaji wautata ba. Je ka nemi magani. Kada gafaka ɗaya ta cinye hannu biyu."

Malam ya fito, ya tsaya a bayan katanga, ya yi kuka irin na manya, wanda ba sauti.

Da ya dawo Azare, da ƙafarsa ya je ƙofar gidan Kezia ya yi sallama. Ba ta ce masa "ai na faɗa" ba. Cewa ta yi, "Gobe da safe, Malam. Zan karɓar maka kati."

Likita ya duba, aka ɗauki hoton wuyan. Ya ce jijiyar da ke zuwa hannu ce ta matsu, amma ba ta kai ga aiki ba. Ya ba shi maganin rage zafi, ya ce kada wanda ya sake murɗa masa wuya. Yankan da ya yi wata da watanni yana gudu, ko zancensa ba a yi ba.

Kezia ta koya masa ja da haɓa baya a hankali, da juya kai dama da hagu ba fizga, da jujjuya kafaɗu. Halimatu na gasa masa safe da yamma. Matashi ya koma ɗaya. Kafinta ya haɗa masa ɗan teburi mai jingina wanda zai yi rubutu a kai yana zaune a buzunsa.

Sati na uku Malam ya ce wa Kezia, "Har yanzu fa da saura."

Kezia ta ce, "Shekara nawa ka yi kana tara shi, Malam? Ka ba shi wata biyu mana."

A sati na bakwai alƙalami ya zauna a hannunsa. Ya ci gaba, shafi ɗaya, ya miƙe, ya zaga zaure, ya dawo. Izu goma suka koma shida, suka koma uku.

Saura izu biyu, aikin sati uku, aka aiko daga Katagum. Alaramma ya rasu bayan sallar azahar.

Bayan sadakar bakwai Malam ya koma teburinsa. Ranar da ya rubuta aya ta ƙarshe, ya haɗa takardunsa da na mahaifinsa, ya ɗaure gafakar, ya rungume ta. Halimatu ta leƙo ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, an gama."

Ya ce, "An gama. Sati uku na makara, Halimatu. Wata huɗu kuwa na zubar a zauren nan don kada a ce mace ta koya mini zama."

Kezia na wucewa da yamma, ya miƙe tsaye, ya juya wuyansa ya dube ta sosai, ya ce, "Malama Kezia, ina wuni."

Darasi: Ciwon wuya yawanci daga yadda muke zama, muke aiki, muke kwanciya yake tasowa, kuma mafi yawansa gashi, motsa jiki, gyara zama da haƙuri ke warkar da shi, ba wuƙa ba. Idan ya gangaro hannu, ko yatsu suka mutu, ko ya zo da zazzaɓi, a tafi asibiti, kada a ba kowa ya murɗa. Shawara ta gari kuma a karɓe ta ranar da ta zo, ko daga bakin wa ta fito, don ciwo na iya warkewa amma lokacin da girman kai ya ci ba ya dawowa. Ku tura wa tela, mai ɗinkin hula, akawu, da duk wanda kuka san yana wuni a sunkuye.